Man giyar a-kori-kura: a bi littafin kamfani ko a bi bakanike?

Duk wanda ya sayi Hilux mai giya otomatik daga cikin na shekarun nan, ya ɗaga bonet yana neman gejin man giya, ba zai same shi ba. Gejin baƙin mai yana nan inda aka saba ganinsa, amma na giya babu shi, babu ma bututun da za a zura shi. Da gangan Toyota ta cire shi, tun wajen 2004 da ta fara zuba man da ta sa wa suna WS a manyan motocinta, kuma wasu kamfanonin ma haka suka yi. Abin da ake gaya wa mai mota a fakaice shi ne ya bar giyar yadda aka rufe ta, man da ke ciki ya ishe ta, tsarin sanyayar da aka yi mata ya wadatar.

Kanikawanmu ba su yarda ba. Daga Panteka ta Kaduna har Ƙofar Ruwa ta Kano, abin da za ka ji shi ne, Alhaji, wannan magana ta ƙasar sanyi ce, a nan in ba ka canza mai ba, in ba ka ƙara mata kula ba, wato ƙaramin lagireton sanyaya man giya, giyar za ta ƙone. Masu mota sun kasu biyu a kan wannan, kuma kowane ɓangare yana da motar da zai nuna maka. Wani ya bi littafi, motarsa ta daɗe ba ta yi ko tari ba. Wani ya bi littafin nan dai, ya wayi gari ana sauke masa giya. Na daɗe ina sauraron gardamar, kuma abin da ya sa ba ta ƙarewa shi ne an haɗa tambayoyi daban-daban an ɗaure su wuri guda. Akwai maganar wane mai za a zuba da yawan da za a zuba, akwai maganar yaushe za a canza shi, akwai kuma maganar ƙarin sanyaya. Wanda ya fi gaskiya a ɗaya ba lalle ya fi gaskiya a sauran ba.

A kan irin mai, masu bin littafi suna tsaye a kan ƙasa mai ƙarfi. Man giyar otomatik ba shafa wa ƙarfe santsi kaɗai yake yi ba. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin tukunyar nan da kanikawa ke kira kwanbata. Shi ke danna faiba, wato faifan kulocin cikin giya, su kama idan lokacin canjin giya ya yi, ta cikin wasu ƙananan hanyoyi da bawuloli masu matsi ƙwarai. Shi kuma ke kwashe zafi ya kai shi lagireto. Saboda haka kaurinsa da yanayin santsinsa duk an auna su ne da irin faiban da ke cikin wannan giyar da kuma lissafin kwamfutar da ke sarrafa ta. Shi ya sa kowane kamfani ke da nasa. General Motors ta fito da Dexron a 1967, ta yi ta sabunta shi har zuwa Dexron VI. Ford ta fito da Mercon a 1987, daga baya ta kawo Mercon V da LV, sannan ULV na giya mai hawa goma da ta sa wa F-150 daga 2017. Chrysler na da ATF+4. Toyota ta yi amfani da T-IV kafin WS, kuma WS ya fi shi tsinkewa, an yi shi haka ne don rage shan mai. Toyota da kanta ta ce ba a musanya su.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne kusan dukkansu ja ne. Jan nan rini ne kawai da ake sawa don a bambanta man giya da baƙin mai idan ya zuba a ƙasa, ba ya nuna komai game da abin da ke cikin galan. Amma sau da yawa a gareji yaro ake aika ya sayo jan mai, ya dawo da duk wanda ya tarar, galibi Dexron III mai arha, a ɗura wa giya mai hawa shida da Aisin ta ƙera wa Hilux ɗin da ta fito daga 2015. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya, mai ita ya tafi yana godiya. Sai bayan watanni ya fara jin kakkarwa a ƙafarsa idan ta ɗauki gudu, ko ta riƙa bugawa wajen shiga giya, kuma a lokacin ba wanda zai tuna da galan ɗin da aka zuba.

Bakanike yana da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Zai ce maka WS na asali yana da tsada, kuma kasuwa cike take da na jabu a cikin gwangwani mai tambarin Toyota, don haka gara Dexron na gaske da WS na ƙarya. Zai ƙara da cewa akwai manyan kamfanonin mai da ke yin wanda suka rubuta a jikinsa cewa ya dace da WS. Maganar jabu gaskiya ce. Amma maganinta neman dila amintacce ne, ko sayen man wani kamfani sananne wanda aka rubuta WS ɓaro-ɓaro a jikinsa. Ba ta zama hujjar zuba man da aka san tun farko ba nasa ba ne. A nan ban ga wurin sulhu ba: abin da littafi ya ce a zuba, shi za a zuba.

Haka ma maganar yawa. Giyar otomatik ta a-kori-kura irin waɗannan tana cin kusan lita goma idan an haɗa da abin da ke cikin kwanbata da bututai da kula. Amma idan ka kwance noti a ƙasan kaskon giya, abin da zai fito lita biyu ne zuwa huɗu, sauran yana maƙale a ciki. Wanda ya karanta lita goma a wani wuri ya zo ya ɗura su bayan ya tsiyaye uku, ya jawo wa kansa aiki, domin man da ya yi yawa ƙarafa masu juyawa za su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta danna faiba. In man ya gaza kuma, famfo zai ja iska, giya ta riƙa sulɓewa tana ƙona kanta. Tunda babu geji, hanyar aunawa ita ce a ajiye motar a wuri mai daidai, inji na aiki, a jira man ya kai wani zafi da littafi ya ƙayyade, wanda a yawancin waɗannan giyoyi bai yi nisa da digiri 40 zuwa 50 ba, sannan a buɗe notin awo a bari rarar ta zuba har ta koma ɗigo. Dalilin jiran zafin shi ne mai yana kumbura idan ya ɗumama. In an auna shi yana tafasa bayan doguwar tafiya, za a zubar da fiye da kima, a bar giyar da ƙarancin mai. A watan Afrilu a Sakkwato, motar da ta wuni a rana ta riga ta kai wannan zafin tun ba a tayar da ita ba, don haka aikin na sassafe ne. Masu cewa kada a taɓa giya suna da hujja a nan, domin giya da yawa ba tsufa ya kashe su ba, hannun da bai san wannan ƙa'ida ba ne.

To amma daga nan sai ma'aunin ya fara karkata zuwa gareji.

Babban abokin gabar man giya zafi ne. A cikin kwanbata akwai fuka-fukai biyu da ke fuskantar juna, ɗaya inji ke juya shi, ɗayan kuma mai ne ke tura shi. Duk lokacin da gudunsu ya bambanta, bambancin nan zafi yake zama. A kan titi mai kyau, da gudu madaidaici, akwai wani kuloci da ke ɗaure su wuri guda, sai zafin ya ragu. Amma a cunkoson Kano da rana, ko a yashin Yusufari, ko a hawan tsaunin Mambilla da lodi, kulocin a sake yake mafi yawan lokaci, man kuwa yana ta dahuwa. Masana mai suna da wata tsohuwar ƙa'ida cewa duk ƙarin digiri goma na zafi yana ninka saurin lalacewar mai. Mata masu suyar ƙosai sun san wannan ba tare da lissafi ba: man da aka yi ta maimaita wa wuta yakan yi duhu, ya yi kauri, ya canza wari. Man giya ma haka yake komawa, daga ja zuwa ruwan ƙasa, daga nan zuwa baƙi mai ƙauri, yana barin danƙo a cikin ƙananan hanyoyin nan, yana busar da robobin da ke riƙe matsi.

Sai a duba yadda muke amfani da a-kori-kura. Hilux an yi ta ne ta ɗauki kusan tan ɗaya, wato buhun masara goma masu kilo ɗari-ɗari, har da nauyin direba da fasinja a cikin lissafin. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Dawanau ko wata kasuwar ƙauye ranar cin ta ya san ba a tsayawa a goma. Ga zafin Maiduguri da Nguru da ke haura digiri 40 a bazara, ga ƙura, ga hanyoyin da ba sa bari a ɗauki gudu. Abin da masu riƙe da littafi ba sa yawan karantawa shi ne littafin kansa ya raba tuƙi gida biyu. A jadawalin kula da Tundra da Tacoma na Amurka, Toyota ta ce wanda ke jan tirela ko ɗaukar kaya masu nauyi ya canza man giya a mil 60,000, wato kusan kilomita 96,000. Kamfanin ZF na Jamus, wanda ya ƙirƙiro giya mai hawa takwas da ke cikin Ram 1500 tun 2013, shi ma yana ba da shawarar canza mai, duk da cewa wasu kamfanonin motocin da ke sayen giyarsa sun ce ba sai an canza ba. Abin da littafi ya ware a matsayin aiki mai tsanani shi ne aikin yau da kullum na motocinmu. Ƙari a kan haka, yawancinmu ba sabuwa muke saya ba. 'Yar Kwatano ce ko wadda wata ma'aikata ta gama mora ta yi gwanjonta, ba ka san abin da ta ja a baya ba, kuma lambar kilomitan da ke kan allo ba kullum take faɗin gaskiya ba.

Akwai tsoron da ke hana mutane, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Kowa ya san wani da ya canza man giya, bayan mako guda mota ta ƙi tafiya. Wannan yana faruwa. Wani lokaci man da bai dace ba ne, wani lokaci awo ne ya kuskure. Wani lokaci kuma mai motar bai tuna da man ba sai da giyar ta fara sulɓewa, faiba sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo cikin tsohon mai ne ke ɗan taimaka musu kamawa. Da aka zuba sabo mai tsabta sai abin da ke ɓoye ya fito fili. Irin wannan giya ta riga ta zo ƙarshe, canjin mai ya matso da ranar ne kawai. Darasin da mutane suka ɗauka shi ne kada a canza, alhali abin da labarin ke nunawa shi ne kada a jira har mai ya yi baƙi yana ƙauri.

Hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce tsiyayewa da mayarwa, ba tare da injin da ke tura mai da ƙarfi ba. A kwance noti, a auna abin da ya fito, a mayar da sabo daidai da shi, a tabbatar da awo a zafin da ya kamata. In giya na cin lita goma kana fitar da uku, karo na farko kashi 30 cikin ɗari ka sabunta. In ka maimaita sau uku, da ɗan tuƙi a tsakani, ka kai kusan kashi biyu cikin uku. Ga motar da ke aikin ƙarfi, yin haka sau ɗaya duk bayan kilomita dubu arba'in ko hamsin bai yi yawa ba, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sauke giya ba. A lokacin ne ma ya kamata a leƙa man aksul da na akwatin da ke raba ƙarfi zuwa ƙafafun gaba, musamman bayan damina, domin motar da ta ratsa rafi ruwa kan shiga ta ramin numfashinsu.

Saura maganar kula, wadda ta fi kowacce zafi a gardamar, kuma ita ce na fi jinkirin yanke hukunci a kanta.

A yawancin motoci man giya yana bi ta cikin wani bututu da ke nutse a ruwan lagireto, ko ta wani ɗan akwati da ruwan inji ke ratsawa. Ruwan yana ɗumama man da safe, yana kuma sanyaya shi idan ya yi zafi. Motocin da aka shirya don jan kaya akan ƙara musu wani ƙaramin lagireto a gaba wanda iska ke bugawa, shi ne kula. Tundra mai inji 5.7 ta zo da shi shekaru da yawa, sai a samfurin 2019 Toyota ta cire shi ta bar na ruwa kaɗai. Masu jan tirela a Amurka suka yi ca, suna auna zafin giyarsu suna ganin ya fi na tsofaffin samfura, da yawa suka sayi kayan tsohuwar suka ɗaura wa sabuwar. Masu kare kamfani suka ce injiniyoyi sun gwada, kuma man zamani yana jure zafin da zai kashe na da.

Gwajin kuwa akwai shi. Ƙa'idar SAE J2807, wadda Toyota ta riga sauran manyan kamfanoni bi, ta tanadi cewa mota ta ja cikakken nauyin da aka ce tana iya ja, ta hau tudun Davis Dam a jihar Arizona, tafiyar kusan kilomita 18, na'urar sanyaya ɗaki a ƙure, zafin gari bai gaza digiri 38 ba, ba tare da wata fitilar gargaɗi ta kama ba. Gwaji ne mai wuya, kuma duk mai cewa Turawa ba su san zafi ba bai san Arizona ba. Amma masu son kula suna da abin cewa. Gwajin yana nuna mota sabuwa, da lagireto mai tsabta, da nauyin da bai wuce ƙa'ida ba, za ta kai ƙarshen hawan lafiya. Bai yi alkawarin komai ba game da mota mai shekara goma sha biyu da ke yin irin wannan aiki kowace ranar kasuwa. Suna kuma tuna abin da ya faru da Nissan Frontier da Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010, inda bututun da ke cikin lagireto ya riƙa fashewa, ruwa ya gauraya da man giya ya lalata ta, har kamfanin ya tsawaita garantin lagireton. A wurinmu da ake cika lagireto da ruwan rijiya ko na leda maimakon ruwan sanyaya mai maganin tsatsa, wannan haɗari ya fi kusa.

Masu adawa da ƙarin kula su ma ba su rasa hujja ba. Duk kula da aka ƙara ta zo da tiyo biyu da mahaɗai huɗu, kowace mahaɗa kuma wurin yoyo ce. Tiyon da ba na man giya ba, ko wanda aka ɗaure da waya, in ya fice a kan hanyar Damaturu, famfo zai zubar da man cikin 'yan mintoci, giyar da aka so a ceta ta ƙone nan take. Kular da aka manna a gaban lagireto tana tare wa inji da na'urar sanyaya ɗaki iska. Sannan sanyi ma yana da nasa lahani: kwamfuta ba ta barin kulocin kwanbata ya kama sai mai ya ɗumama, don haka a sanyin hunturu na Jos ko Gembu, kula babba marar tamostat za ta sa mota ta daɗe tana shan mai a banza. Wannan ɗabi'a ce da muka riga muka sani, irin ta cire tamostat ɗin inji da haɗa fanka kai tsaye da zarar mota ta sauka daga jirgi, da tunanin cewa duk abin da ya fi sanyi ya fi lafiya. Injin da ba ya kai zafinsa yana cin mai, yana kuma saurin cinyewa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne ana wannan gardama da rantsuwa, alhali amsar tana cikin motar. Giyar zamani tana da na'urar auna zafin mai a cikinta, kuma ƙaramin abin karantawa da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, irin wanda masu gyaran wuta ke duba matsala da shi, yana iya nuna lambar a waya yayin da ake tafiya. Sai mutum ya yi lodin da ya saba, ya bi hanyar da ya saba, a watan da ya fi zafi, wani na gefensa yana kallon lambar. In tana yawo tsakanin digiri 80 da 95, tana ɗan haurawa a kan tudu ta dawo, kula ba za ta ƙara masa komai ba sai wuraren yoyo. In tana zama sama da 110 tsawon lokaci, to akwai abin yi, amma ko a nan ba kula ce ta farko ba. A fara wanke haƙoran lagireto daga ƙura da laka da ƙaiƙayi, a duba fanka, a zuba ruwan sanyaya na gaske. A gyara tuƙi: a yashi a shiga ƙaramar giyar ƙafa huɗu maimakon a yi ta danna totur, a tudu a riƙe giya ta uku ko ta huɗu da hannu don kada ta yi ta hawa da sauka. Fitilar zafin man giya da ke kan allo ba ma'auni ba ce, sai abu ya yi nisa take kamawa, kuma in ta kama a tsaya a gefe, a sa giya a P, a bar inji yana aiki har ta mutu, domin kashe inji yana tsayar da zagayawar man.

In an yi duk wannan lambar ba ta sauka ba, to bakanike ya yi gaskiya, a sa kula. Sai dai a sa ta a bayan ta lagireto, man ya fara bi ta ruwa sannan ya shiga ta iska, da tamostat, da tiyon da aka yi don man giya da maɗaurai na ƙwarai, nesa da salansa da duk abin da ke juyawa. Kular da tiyonta za su sha wani ɓangare na man, don haka bayan an gama sai an sake awo a zafin da littafi ya faɗa, da irin man da littafi ya faɗa.